Yadda Ake Canza Tagwayen Famfon Gas da Birki a Motar Dizal Idan Ya Fara Yoyo

Duk wanda ya riƙe motar Volkswagen mai shan gas a garin Kaduna, ko Golf 4 ce ko Passat ko Sharan irin waɗanda ke lodi a tashar Kawo, akwai ranar da zai buɗe bonet warin ɗanyen gas ya doki hancinsa, ya leƙa ya tarar saman giyabos ya jiƙe ya yi baƙi ƙirin da ƙura. Sau da yawa mai laifin wani famfo ne na alminiyam da ke manne a ƙarshen tof silinda, wanda girmansa bai wuce a riƙe shi da hannu ɗaya ba. Masu sayar da kayan gyara suna ce masa tandam, ni kuwa tagwayen famfo nake kiransa, domin famfo biyu ne a gida ɗaya, kuma kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin injin, shi ne ke juya su tare. Na farko yana janyo gas daga matata ya tura shi cikin hanyoyin da aka huda a jikin tof silinda har ya kai ga nozul huɗu. Na biyu ba ruwansa da mai, iska yake zuƙewa daga cikin sabo, wato baƙin tulun ƙarfen nan da ke bayan tukunyar man birki, kuma wannan zuƙar ce ke sa birki ya yi laushi a ƙafa. Motar fetur tana samun wannan zuƙa kyauta daga bututun shaƙar injinta, amma injin dizal ba ya samar da ita, shi ya sa aka yi masa famfo na musamman. Saboda haka wanda ya taɓa wannan famfo ya sani cewa aikin birki yake yi, ba aikin mai kaɗai ba, kuma da wannan idon ya kamata a kalli duk abin da zai biyo baya.

A fara tabbatar da irin injin

Ba kowace motar dizal ce ke da wannan famfo ba. Yana zuwa ne a injinan kamfanin Volkswagen masu lita 1.9 da lita 2.0 waɗanda ake kira TDI PD, da suka fara fitowa a 1998, kuma ana samun su a Golf 4 da Golf 5 da Bora da Passat da Sharan da Touran da Caddy, har da wasu motocin Audi da Skoda da Seat. A irin wannan injin kowane nozul yana da nasa ɗan famfon a jikinsa, kamshaf yana danna shi ya fesa gas da ƙarfin da ya kai bar 2,050 a ma'aunin matsi, don haka aikin tagwayen famfon shi ne ya riƙa ciyar da nozulan da gas ba yankewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Idan ka ga babban famfon injekta a gaban injin, da siraran bututan ƙarfe huɗu suna fita daga jikinsa zuwa nozul, to tsohon tsari ne irin na injin AHU ko AFN ko ALH, kuma famfon da ke zuƙar masa iska na iska ne kawai, ba tagwaye ba. Idan babu waɗannan bututan ko kaɗan, to PD ce. Lambar injin, haruffa uku kamar ATD ko AXR ko ASZ ko AVF ko AWX ko BKC ko BXE, tana rubuce a takardar da ke manne a murfin bel ɗin taimin, ana kuma samun ta a wata takardar a cikin but kusa da ramin safaya.

Na tsaya a kan wannan ne saboda yawancin kanikawan garinmu a kan Peugeot suka koyi sana'a, abin da ba mamaki a garin da masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kakuri ta fara aiki tun 1975, sannan daga baya hannunsu ya faɗa kan Toyota da Honda masu fetur. Ƙwararru ne a fanninsu, amma wanda bai taɓa buɗe PD ba zai iya ɗaukar wannan famfo a matsayin murfi kawai da ake kwancewa a shafa gam a mayar.

Gano inda yoyon yake

Kafin a kashe ko sisi, a wanke wurin. A samu kananzir da burushi a goge famfon da gefen tof silinda da saman giyabos, a share da tsumma har wurin ya bushe ƙayau, sannan a barbaɗa farar hoda ko garin alli a kewayen famfon, musamman ƙasansa da layin da ya haɗu da tof. A tayar da injin a bar shi a sulo na minti goma, a ɗan ba shi wuta sau biyu ko uku, a kashe, a haska da tocila. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan ne bakin zaren. Gas ruwa-ruwa ne mai haske da ƙarfin wari, baƙin mai kuwa yana da kauri da duhu, kuma bambance su yana da amfani, domin robar murfin tof tana yawan tsiyayar da baƙin mai a daidai wannan kusurwa ya gangaro kan famfon, mutum ya sayi famfo alhali roba ce ta gaji.

Idan naso yana fitowa daga tsakanin famfon da tof silinda, galibi gasket ne ya mutu, kuma canza shi kaɗai ya isa. Idan daga bakin tiyo ne, to tiyon ne ya tsage ko kilif ɗinsa ya saki. Idan kuwa daga murfin bayan famfon ne, ko daga tsakanin sassan jikinsa, to robobin cikinsa ne suka bushe. Ana sayar da kunshin robobin gyara, kuma mai haƙuri da tsabta zai iya farfaɗo da famfon da su, sai dai a ganina famfon da ya haura shekara goma sha biyar yana aiki, wanda cikinsa ya riga ya ci, canza shi gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Akwai yoyon da ido ba ya gani, kuma shi ne mafi haɗari. A tsakanin ɓangaren gas da ɓangaren iska akwai roba a jikin sandar famfon, idan ta lalace gas yana zarcewa cikin injin ya gauraya da baƙin mai. Alamarsa ita ce gejin baƙin mai ya riƙa hawa maimakon sauka, man ya tsinke ya yi ruwa, ya kuma riƙa warin gas idan aka murza shi a yatsa. Kamshaf ɗin PD yana ɗaukar nauyi ƙwarai saboda shi ke danna nozul, kuma tsinkakken mai yana cinye shi cikin ɗan lokaci. Sai dai a lura cewa robobin jikin nozul ma suna haddasa wannan alama, don haka idan an canza famfo amma geji bai daina hawa ba, can za a koma. A ɓangaren iska kuma, alamun su ne birki ya yi tauri kamar an taka dutse, musamman a cunkoso inda ake taka shi a kai a kai, sannan mota ta rasa ƙarfi a hawa, domin da wannan zuƙar ce ake sarrafa tarbo. A kama ɗan bututun ƙarfen da tiyon sabo ke shiga a girgiza shi, idan yana rawa a mazauninsa to iska tana shiga ta nan. A duba tiyon sabon kansa tun daga famfo har tulu, domin busasshen roba ne mai tsagewa a bakinsa, kuma tsagewar tana kwaikwayon mutuwar famfo daidai wa daida.

Sayen famfon da kayan aiki

Lambar famfon tana jikinsa. Na injin 1.9 tana farawa da 038 145 209, na injin 2.0 mai bawul goma sha shida kuma da 03G 145 209, sannan harafi ya biyo baya. Kamfanonin LuK da Bosch ne suka ƙera yawancin waɗanda suka zo da motocin, Pierburg ma yana yi. A ɗauki hoton lambar da waya, ko mafi kyau a tafi da tsohon famfon a hannu zuwa wurin masu kayan gyara, a Oriyapata ne ko a Panteka, a ajiye su gefe da gefe a gwada ramukan noti da bakunan tiyo da haƙorin da ke shiga kamshaf. Sabo na kamfanin kirki ya fi, amma ba kullum ake samu ba, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Wanda zai sayi na Beljiyam ya juya haƙorin da hannu ya ji yana tafiya sumul ba ya kartar komai, ya toshe bututun iska da babban yatsa yana juyawa ya ji ana ɗan tsotsar fatarsa, ya girgiza bututun ya ji shi daram, ya kuma duba ko an taɓa kwance murfin an shafa gam. A yi sharaɗi da mai kaya tun kafin a biya cewa za a dawo da shi idan ya yi yoyo.

Gasket dole ne ya zama sabo ko da famfon na hannu ne. Na injin 1.9 lambarsa 038 145 345, siririn ƙarfe ne mai ɗan tudu a kewayen ramukansa, kuma wannan tudun sau ɗaya yake matsewa, idan aka kwance shi ya gama aiki. A haɗa da sabuwar matatar gas, da kilif biyu ko uku na tiyo, da lita ɗaya ko biyu na gas mai tsabta a jarka mai murfi. Kayan aiki ba su da yawa: alanki mai lamba 5 da mai lamba 6, waɗanda su ne galibi ke kama notukan famfon, zai fi kyau irin na soket mai dogon hannu, sai filaya ta matse kilif, sukundireba, ƙaramin madubi, tocila, maganaɗisu mai sanda don ɗauko notin da ya faɗi, tsummoki masu yawa marasa gashi, da ɗan famfon hannu na zuƙo mai ko babban sirinji da tiyo mai haske wanda ake ganin abin da ke cikinsa. Idan za a samu aron sifana mai awon ƙarfin ɗauri, a nema, domin za a ga amfaninta a gaba.

Wurin aikin ma abin dubawa ne. Hanyoyin gas da za a buɗe suna bayan matata ne, ma'ana duk ƙwayar yashin da ta shiga nan babu abin da zai tare ta sai nozul. A lokacin hunturu, sa'ad da buji ke tashi a garejin da ke bakin titi, gara a tura motar cikin rumfa ko cikin gida, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi aikin da safe kafin iska ta taso.

Kwancewa

A bar injin ya huce sarai, domin gas ɗin da ke dawowa daga tof ɗin PD yana da zafi sosai, har sai da aka yi masa na'urar sanyaya shi a ƙarƙashin mota kafin ya koma tanki. A ja birkin hannu, a zare makulli, a cire kan batir na nagatif. Wanda rediyon motarsa na asali ne ya tabbata yana da lambar buɗe shi kafin ya cire batir. Babu sigari, babu mai walda a kusa.

A cire murfin robar saman injin. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, irin Golf da Bora da Touran, famfon yana ɓangaren direba kusa da batir, kuma cire akwatin matatar iska da babban tiyonsa yana buɗe wuri isasshe. A Passat da Audi A4 na wancan zamani, inda injin ke miƙe daga gaba zuwa baya, famfon yana can baya dab da bangon da ya raba injin da cikin mota, wurin da hannu ke shiga da ƙyar, kuma rabin aikin da lalube da madubi ake yin sa. Sharan ma tana da nata matsin saboda injinta ya shige ƙarƙashin gilashin gaba. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto daga kusurwa biyu ko uku, domin ƙananan tiyoyin iska da wayoyin da ke wurin suna da yawa, kuma bayan awa biyu ba wanda zai tuna wanne ya bi ta saman wanne.

Daga nan sai a zuƙe gas ɗin da ke kwance a cikin tof. A je wurin matatar gas a nemo tiyoyi biyu da ke tafiya zuwa injin: mai kai gas yana da farar alama, mai dawo da shi yana da shuɗiya. A cire su daga matatar, a haɗa famfon hannu da mai shuɗiyar alama, a yi ta ja har gas ya daina zuwa. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, sakamakonsa kuwa shi ne da zarar famfon ya rabu da tof, gas ya kwararo kan tiyon ruwa da giyabos, wani kuma ya bi ta ramin kamshaf ya shiga cikin baƙin mai. Ko an zuƙe, a cusa tsummoki a ƙarƙashin famfon, domin ba a rasa saura.

A cire tiyon sabo daga bututunsa. Wani lokaci kilif ɗinsa irin wanda ake matsewa sau ɗaya ne, sai an yanke shi, shi ya sa aka tanadi sabo. A riƙa murɗa tiyon a hankali ana ja, kada a yi masa ƙarfi ta gefe. Sannan a matse kilif ɗin tiyon gas na sama a ja shi baya, a zare tiyon, a toshe bakinsa da leda mai tsabta a ɗaure. Tiyon da ya shekara a wurin yakan manne kamar an yi masa gam, kuma dabarar ita ce a kama shi da filaya a juya shi dama da hagu har ya saki, ba a soka sukundireba a ƙarƙashinsa a yage shi ba.

A injin 1.9 notuka huɗu ne ke riƙe da famfon, manya biyu a sama, ƙanana biyu a ƙasa. Kada a ruɗe da notukan murfin famfon kansa, waɗanda ba su shiga tof ba. A share cikin kan kowane noti da tsinke kafin a sa alanki, a tabbata ya shige har ƙasa, domin kan da ya cika da datti shi ne ke gogewa, kuma notin ƙasa da kansa ya goge a wannan lungu zai iya cinye yini guda. A fara sassauta ƙananan na ƙasa, sannan manyan. Idan duk sun fita, a ja famfon kai tsaye daga jikin tof. Idan ya ƙi, a ɗan bubbuga shi da ƙotar guduma ta katako, amma kada a cusa ƙarfe a tsakaninsa da tof, domin alminiyam ne, kuma zanen da aka yi a wannan fuska yoyo ne na har abada. Da ya saki, a ɗaga shi sama kaɗan, sai tiyon da ke dawo da gas ya bayyana a ƙasa inda filaya za ta kai, a cire shi, a fito da famfon. Daga wannan lokaci har a gama, kada kowa ya yi wa motar ki.

Share fuska da batun gam

A cire tsohon gasket, a goge fuskar tof da tsumma mai tsabta da ɗan gas, ana gogewa daga ramuka zuwa waje don kada datti ya faɗa ciki. Idan akwai abin da ya manne, a kankare shi da guntun roba mai kauri ko tsohon katin waya, ba da reza ko samfefa ba. Za a ga ramin tsakiya inda ƙarshen kamshaf yake da tsaga, da ramukan shigar gas da fitarsa, da wani ɗan ƙaramin rami wanda ta nan baƙin mai ke zuwa ya shafe ɓangaren iska na famfon. Wannan ɗan ramin shi ne dalilin da ya sa gam ba shi da gurbi a wannan aiki.

Na koyi wannan a jikin tawa motar. Karon farko da Passat ɗina ta yi wannan yoyo na kai ta wani gareji, ban samo gasket ba, maigidan ya ce mini, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai jan gam ya fi gasket riƙo." Na ce, "To, Oga, kai ka san aikinka." Ya mayar da tsohon gasket bayan ya lafta masa gam gaba da baya. Ba a yi mako ba warin ya dawo, kuma da muka sake buɗewa sai ga gam ɗin ya jiƙa da gas ya zama kamar dafaffiyar taliya, wani zare nasa ya kwanta a bakin ɗan ramin man nan ya kusa rufe shi, wani kuma yana lilo a cikin ramin gas, yana jiran ya tafi wurin nozul. Mutumin ba mugu ba ne, abin da ya saba yi wa wasu injina ne ya yi, amma gas yana narkar da irin wannan gam, kuma abin da aka matse ya fito waje, kwatankwacinsa ya shiga ciki.

Tun da wuri a buɗe yake, a duba tiyon ruwan da ke ƙarƙashin famfon da mahaɗin robar da ke jikin tof. Gas yana kumbura robar tiyon ruwa, ya mai da ita laushi kamar soso. A matsa shi da yatsa, idan ya kumbura ko yana danƙo a canza shi yanzu, domin irin wannan tiyon ne ke fashewa a tsakiyar hanyar Abuja da rana tsaka, kuma canza shi bayan an mayar da famfo wahala ce ninki biyu.

Ɗaurawa

A ɗiga ɗan sabon baƙin mai a ɓangaren iska na famfon ta ramin man, a juya haƙorin da hannu sau da yawa don kada ya fara aiki a bushe. A kalli yadda tsagar kamshaf ta tsaya, da madubi idan ta kama, sannan a juya haƙorin famfon ya yi daidai da ita. A ɗora sabon gasket a bushe, a tabbata kowane rami nasa ya hau kan raminsa, domin yana yiwuwa a kifa shi ba a lura ba. A fara mayar da tiyon ƙasa na dawo da gas a matse kilif ɗinsa tun famfon yana sake a hannu, sannan a kai famfon mazauninsa.

Nan ne wurin da aka fi yin ɓarna. Famfon dole ne ya zauna da hannu kawai, fuskarsa ta haɗu da ta tof ba tare da wata tazara ba. Idan ya tsaya da saura kamar kaurin tsabar kuɗi, haƙorin bai shiga tsagar ba ne, sai a fito da shi a ɗan juya a sake gwadawa, ko sau goma ne. Wanda ya gaji ya ce bari noti ya ja shi, zai karya haƙorin ko ya fasa kunnen famfon, ko kuma ya ɓata ƙarshen kamshaf. Idan ya zauna, a sa notukan huɗu da yatsu, kowanne ya shiga zarensa cikin sauƙi, sannan a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan don gasket ya matsu daidai. A awon sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, na manyan na sama Nm 20 ne a injin 1.9, na ƙananan na ƙasa Nm 10. Wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, musamman na ƙasa, wanda bai wuce abin da wuyan hannu zai yi da gajeren alanki ba. Al'adar nan ta a ɗaure har sai an ji noti ya yi ƙara ita ce ke tsige zaren alminiyam, daga nan kuma sai neman mai gyaran zare.

A mayar da tiyon gas na sama da tiyon sabo da sabon kilif, a duba hoton da aka ɗauka a tabbata kowane ƙaramin tiyo da waya sun koma inda suke, har da filogin na'urar auna zafin gas da ke kan layin dawowa idan an cire shi. A sa sabuwar matata, a cika ta da gas mai tsabta, a mayar da tiyo mai farar alama a bakinsa.

Fitar da iska da tayarwa

Yanzu famfon da hanyoyin cikin tof duk iska ce a ciki. A sake haɗa famfon hannu da tiyo mai shuɗiyar alama, a yi ta ja. Da farko kumfa ce za ta riƙa zuwa, sannan gas da kumfa a gauraye, a ci gaba har sai gas ya zo zalla a cikin tiyo mai haske, sannan a mayar da tiyon kan matata. Wasu daga cikin motocin suna da ƙaramin famfon lantarki a cikin tanki, wanda ake jin ƙugin sa na ɗan lokaci idan an murɗa makulli, kuma a irinsu kunna makulli da kashewa sau da yawa ba tare da yin ki ba yana taimakawa. A mayar da akwatin iska da kan batir.

Idan geji ya nuna gas ya shiga baƙin mai, a yi juye kafin a tayar, da matatar mai sabuwa, kuma man ya zama mai ɗauke da lambar VW 505.01 a jikin galan, domin shi aka tsara wa injin PD. Sannan a yi ki na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, a huta rabin minti ko fiye, a sake. Ba abin damuwa ba ne idan sai a karo na uku ko na huɗu ta kama, ko ta kama tana kakkarwa na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Abin da ba a so shi ne a danne makulli har kik ya yi zafi batir ya mutu, ko a fesa fetur a bakin iska don a tilasta mata. Idan ta ƙi bayan gwaji biyar ko shida, iska ce ta rage, a koma kan famfon hannu.

Da ta tashi, a bar ta a sulo, a haska kewayen famfon, a zagaya da busasshen yatsa ko farar takarda ta ƙarƙashinsa. Mai agogon awo zai iya tabbatar da aikin da lamba: akwai toshe a jikin famfon inda ake ɗaura agogon matsin gas, kuma a injin 1.9 bawul ɗin cikinsa yana tsayar da matsin a wajen bar 7.5 idan an ba injin wuta sosai.

Gwajin birki ba a tsallake shi, kuma a tsaye ake fara yin sa. A kashe injin, a taka birki sau biyar ko shida har feda ta yi tauri, a riƙe ta a take, sannan a tayar da injin. Idan famfon yana zuƙa yadda ya kamata, za a ji fedar ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafa cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ba ta motsa ba, motar ba za ta fita titi ba sai an gano dalili, ko tiyon sabo bai zauna ba, ko ya tsage, ko ɗan bawul ɗin da ke kansa ya lalace. Bayan an kashe injin kuma a jira minti biyu a taka, ya kamata a samu taku ɗaya ko biyu masu laushi kafin ta yi tauri, alamar tulun yana riƙe abin da aka zuƙe. Idan wannan ya yi kyau, a zagaya cikin unguwa a hankali ana gwada birki a kai a kai, sannan a hau babban titi irin na Nnamdi Azikiwe a ba ta wuta a ji ko tarbo yana ɗauka.

A dawo a sake wanke wurin a barbaɗa hoda kamar farko, domin tsohon gas da ya maƙale a lungunan giyabos zai ci gaba da wari na kwanaki, kuma hodar ce kaɗai za ta bambance tsohon jiƙo da sabon yoyo. A yi wa geji alama a ranar, a riƙa duba shi kowace safiya a wuri mai daidai kafin a tayar da mota, har tsawon mako biyu. Tsohon famfon kuma a zuba shi a leda a ajiye, kada yaran gareji su haɗa shi da kayan gwangwan, domin idan na Beljiyam ɗin da aka saya ya ba da matsala, shi za a sa wa sababbin robobi a mayar kafin a samo wani.